Irin Kokwambar Ammi

Har yau in na ga farin rago mai murɗaɗɗen ƙaho raina ɓaci yake yi, alhali ragon ba shi ne mai laifin ba.

Mahaifiyata, da muke kira Ammi, ta rasu ta bar mini irin kokwamba ƙulle a tsumma, bai cika tafin hannu ba. Daga ƙauyenmu ta zo da shi. 'Ya'yansa ƙanana ne masu tauri. In aka jiƙa su a ruwan gishiri da ruwan khal mai tsami da tafarnuwa da barkono, sai su yi wata da watanni suna ƙaras-ƙaras. Na kasuwa kuwa kwana kaɗan sun saki, sun zama kamar dafaffiyar kabewa.

Da damina ta sauka na shuka shi kaf a gindin katangar gidanmu na Gwange. Na kewaye da tsohon gidan sauro saboda kaji, na ɗaura igiya yaɗo ya hau. Ya yi 'ya'ya sosai, na cika kwalabe. Manya biyu kuwa na bar su a jikin yaɗon, yadda Ammi ke yi, don sai sun tsufa sun yi rawaya ake fasawa a cire iri a shanya. Na ɗaura musu jan zare, na faɗa wa kowa a gidan, har maigidana, dillalin dabbobi, wanda ya turke wani rago a tsakar gida yana kiwatawa.

Wata rana na je suna a unguwar Mairi. Na dawo na tarar da jan zaren a ƙasa, rago yana tuƙa hankalinsa kwance.

"Alhaji, ina kokwambata?"

"Waɗannan da suka lalace? Na ga sun yi rawaya, na ce kar a yi asara, na ba rago."

"Ban ce maka iri ba ne? Na Ammi fa!"

"Haba Hajiya, kokwamba ai kokwamba ce. Gobe in sayo miki wani irin a kasuwar Gamboru."

Wallahi wannan maganar ta fi cin kokwambar ƙona mini rai. Mutumin da zai gaya maka uwar kowane rago da ubansa, wanda ba ya yarda a yanka mai kyawun iri ko da wuƙa a wuyansa, shi ke ce mini kokwamba kokwamba ce! Ya sayo ɗin kuwa, cikin leda mai hoto. Ihu bayan hari. Ko buɗewa ban yi ba.

Ni dai na bi kashin ragon nan ina sharewa, ina zubawa a gindin katanga, ina ba shi ruwa safe da yamma, ko Allah zai sa ƙwara ɗaya ta tsira. Alhaji yana kallona yana murmushi. Ciyawa ce kawai ta fito.

Sauran kwalaben mun cinye, shi ma ya ci, har da santi. Ɗaya ta rage a saman kwabata, na hana kowa taɓawa. Ta jikin gilashin ina hango 'yan ƙwayoyin irin a cikin yankakkun kokwambar, farare sol, gishiri ya riga ya kashe su.