Saifar da Baffa ya binne

Litinin: daga Miga zuwa Dutse

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar ƙauyenmu da ke bayan Miga a amalanke, mu uku: ni, da Inna mahaifiyata, da Baffa mahaifina. Ni ce babbar 'yarsu, ina koyarwa a wata firamare a Dutse, kuma takanas na zo don in kai Inna asibiti. Shekara huɗu kafin nan an yi mata aiki an cire mata saifa, saboda likita ya ce saifar ce ke cinye ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Ta warke sumul. Sai ga shi da daminar shekarar haɓo ya dawo, dasashinta na zubar da jini, ko bakin ƙwarya ya buge ta sai jini ya kwanta a ƙarƙashin fata.

A bakin titi muka sami akori-kura zuwa Jahun, naira hamsin hamsin. Daga nan muka shiga bas ta Kiyawa, muka sauka Dutse goma saura.

A asibiti likita ya duba sakamakon gwajin jini ya ce, “Akwai waɗanda Allah ke halitta da 'yar ƙaramar saifa ta biyu a ɓoye. In an cire babbar, sai ita ta girma ta ɗora daga inda waccan ta tsaya. Ita nake zargi. Ku je Kano a yi hoton ciki, in an gan ta sai a sake aiki.”

Baffa ya gyara zama. “Likita, saifar nan da hannuna na karɓe ta. Na naɗe ta a farin ƙyalle, na binne ta a bayan ɗakinta, yadda ake yi wa abin da ya fita daga jikin mutum. Shekara arba'in ina yanka dabba, ban taɓa ganin mai saifa biyu ba. Ba zan sa hannu a sake farke ta ana neman abin da ke cikin ƙasa ba.”

Wallahi raina ya ɓaci. Ga mace na ƙarewa a gabanmu, shi yana zancen akuya! Na buɗe baki, Inna ta mintsine ni a cinya. “Ƙyale shi, Hajara. Mu je da shi ya gani.”

A ɗakina da ke unguwar Takur muka kwana. Bayan magariba haɓon ya ɓalle, Baffa ne ya riƙe mata tasa har ya tsaya.

Talata: Dutse zuwa Kano

Bakwai da minti goma motarmu ta tashi, naira ɗari biyu kowane mutum. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, sai ɗan kamasho ya tura mu mata baya, maza gaba. Duk ramin da motar ta faɗa sai Baffa ya waiwayo ya dubi hancin Inna, har direba ya ce, “Baba, wuyan nan zai ƙage kafin Wudil.”

A shingen Wudil ɗan sanda ya leƙo, direba ya ce da mara lafiya a ciki. Ya dube ta ya ce, “Allah ya ba da lafiya, ku wuce.” Goma da kwata muna asibiti. Muka bi layi har azahar, sannan aka ce mu dawo da safe, kuma kada ta ci komai kafin ta zo.

Mun sauka a gidan Alhaji Mamman, mahaucin da ke sayen bajiman Baffa. Da la'asar na kai musu tuwo zaure, na tarar Baffa yana ba shi labari, yana neman wanda zai goya masa baya. Alhaji ya wanke hannu ya ce da Baffa, “Malam Buba, kai yankanka na layya ne da suna. Ni kullum sai na feɗe. Na gani, ba sau ɗaya ba. 'Yar mitsitsiya ce kamar goro, kwance cikin kitse. In ba ka laluba ba, ba za ka san da ita ba.”

Da na koma ɗauko kwanuka, na Baffa yana nan yadda na ajiye shi.

Laraba: ɗakin hoto

Takwas da rabi aka kira mu. Ɗaki ne mai duhu, da na'ura mai allo kamar talabijin. Likitar mace ce. Ta shafa wa Inna wani mai mai sanyi a ciki, ta riƙa yawo da kan na'urar a ƙarƙashin haƙarƙarinta na hagu. Minti goma, ba komai. Minti ashirin, ba komai. Na san in ba a gan ta ba gida za mu koma da haɓon.

“Mama, ja numfashi ki riƙe,” in ji likitar. Ta danna, ta tsayar da hoton, ta nuna wani abu zagayayye da bironta. “Ga ta nan.”

Baffa ya matsa har hularsa ta kusa taɓa allon. “Ni hadari kawai nake gani.” Can ya ce, “A cikin kitse take?”

Likitar ta juyo ta dube shi. “A ciki take, Baba.”

“Kamar goro?”

“Ta ɗan fi goro.”

Sai ya fita. Na same shi a kan benci ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Hajara, ba gardama nake ba. Wancan karon da aka turo ta daga ɗakin aiki, a gaban mutane na kira sunanta, abin da ban taɓa yi ba tunda na aure ta. Sau uku, ba ta amsa ba. Tsoro nake ji.” Duk haushin da na kwana biyu ina ji ya koma tausayi, na zauna kusa da shi na yi ta kuka. Shi ya tashi da kansa ya nemi takardar amincewa da aikin, ya dangwala yatsa.

Komawa gida

An yi mako guda ana ba Inna magani kafin a yi aikin. Da aka turo ta, tun Baffa bai buɗe baki ba ta ɗaga masa hannu. Kwananmu goma sha tara a Kano. Ranar Lahadi bakwai na safe muka taso, muka yi azahar a Dutse, amalanke ya sauke mu ƙofar gida biyar da rabi na yamma.

Ko ruwa Baffa bai sha ba ya ɗauki fartanya ya zagaya bayan ɗakin Inna. Ashe ya roƙi likitoci sun ba shi abin da ya rage na ƙaramar saifar bayan gwaji, a aljihu ya taho da shi cikin farin ƙyalle. Ya haƙa ɗan rami a gefen na farko, ya binne, ya yi addu'a. Inna tana jingine da danga ta ce, “Malam, ka bar wuri a gefe, ko akwai ta uku.”

“A'uzubillahi!” in ji Baffa, ya yar da fartanyar. Ranar na fara jin dariyarsa tun farkon damina.

Haɓon bai sake dawowa ba. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu mu uku, mun gode wa likitar da ba ta gaji da nema ba, da Alhaji Mamman. Bara da layya na ga Baffa ya feɗe rago, ya tsuguna yana laluben kitsen a hankali, shi kaɗai.