Ranar da Baffa ya ƙi shiga mota

Daga gidanmu na Moss Side zuwa unguwar Small Heath da ke Birmingham, in babbar hanyar motorway ba cunkoso, kafin tuwo ya huce ka isa. Amma Baffa ya rantse shi ba zai shiga mota ba.

Yayan mahaifinmu ne, shi ya riƙe mu tun rasuwar Baba, kuma takanas ya taso daga Kumasi don ya karɓa wa ƙanena aure a Birmingham bayan sallar Juma'a. Tun muna yara yake cewa ranar auren autan nan shi zai zauna gaban liman, ko da rarrafe ne.

Matsalar ta fara ne da ya ji waliyyin amarya ta jirgi zai sauka daga Accra, kuma dangi za su je tarya da motoci. Shi ke nan, ido ya yi ja.

"Ni za a sauke a bakin titi kamar buhun doya? Surukai su ga na fito daga bayan mota ina miƙe ƙafa? Wallahi sai sun zo airport sun tarye ni."

Na ce, "Baffa, ai babu jirgi tsakanin garuruwan nan. Sun yi kusa da yawa."

Ya zaro waya ya nuna mini wani shafi da ke lissafa nisan garuruwa, wai a sama ko rabin awa ba a yi. Na yi bayani har maƙogwaro ya bushe: lissafi ne kawai, ba jirgin da ke bin hanyar. Ya ce yaran Turai akwai rainin wayo. To, a ce da kare ana biki a gidansu! Na nemo masa abin da ake da shi: ya tashi zuwa Belfast, ya tsallake teku, ya sauya jirgi, ya sake tsallako tekun ya dawo. Ya ce madalla, jirgi biyu ma ya fi ɗaya daraja.

Da safe na kai shi airport, babbar riga sai ƙara take don sitaci. Mu kuma muka bi hanya, har muka tsaya shan shayi, muka isa da sauran lokaci.

Ana shirin huɗuba Baffa ya bugo waya. An yi delay, jirgin dawowa bai tashi ba. Yana zaune a Belfast, garin da bai san kowa ba, yana yi wa ma'aikata faɗa da Hausa. Aka sallame, liman ya jira, ya sake jira, mutane suka fara duba agogo don wasu za su koma shift a wurin aiki. Ƙanena sai leƙen ƙofa yake. Daga ƙarshe liman ya dube ni ya ce, "Kai ne babba a nan?" Haka na matsa gaba na karɓi auren, raina a ɓace.

Baffa ya sauka da la'asar sakaliya. Ba wanda ya je tarya, kowa na wajen walima. Bus ya hau zuwa Small Heath, riga duk ta yamutse.

Da ya shigo ya fara ba surukai labarin yadda teku take daga sama. Ƙanena ya durƙusa ya gaishe shi, bai ɗago kai ba, ya ce, "Baffa, an ɗaura. Da liman ya tambayi ubana, na duba ban ga kowa ba."

Baffa bai ƙarasa labarin tekun ba.