Ƙanƙarar da Ta Ci Mini Aiki

Har yau in na ga ƙanƙara a leda sai raina ya ɓaci. Shekara biyu ina zaune da takarduna a ƙasan akwati, sannan wata makarantar kuɗi a Tarauni ta kira ni gwajin koyar da kimiyya. Shugabar, wata Hajiya mai gilashi, ta ce darasi ɗaya zan yi a gabanta, in ya yi mata aiki ya zama nawa.

Darasin kuwa yadda abu biyu ke juyewa ne, wannan ya zama wancan, wancan ya dawo wannan. A littafin kimiyya kalma ɗaya tak ta ɗauke zancen, da misalin ruwa da ƙanƙara. Ni kuma uwar iyawa na ce ba zan tsaya dogon surutu ba, a ido zan nuna.

Na sayi ƙanƙara a Gyadi-Gyadi, na rungumo ta a adaidaita sahu tana ɗiga mini a zani. A aji na sa ta a kofi, ta narke tas. Ina cikin jin kaina, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Malama, to a mayar da ita mu gani."

Akwai firji a ofishin Hajiya, amma rabonsu da wuta tun jiya. Na tsaya riƙe da kofin ruwa kamar mai jiran alwala. Na ce, "Ai da akwai wuta..." Haba, sai aji ya kwashe da dariya.

Hajiya ta sauke gilashi. "Malama, tafiya kika nuna, ba mu ga dawowa ba. Za mu neme ki."

Na koma gida ina huci, ina tsine wa masu wuta. Innata na gindin murhu, ta bar ni na gama. Sannan ta ɗebo kakide a cokali, ta kara a wuta ya narke, ta ajiye a jikin randa. Kafin in ninke hijabi ya daskare fari fat.

"Ga shi ya je ya dawo," in ji ta. "Wutar wa na jira? Ke dai in ba a littafi kika gani ba, ba ilimi ba ne."

Wallahi maganar nan ta fi dariyar ajin ciwo. Kullum da kakiden nan nake cin wake da shinkafa. Ba su neme ni ba, na mayar da takarduna ƙasan akwati.