Lokacin Sanyin da Toktosun Bai Sha Ba

Toktosun makiyayin dawaki ne a At-Bashi, ni kuma direban motar haya, shi ya sa na san labarinsa fiye da yadda zai so. Ya yi shekara ashirin yana shan giya. A garinmu ba ma kiran wannan ciwo, sai mu ce mutum yana son biki. Ga shi bikinmu ba ya ƙarewa, kuma duk inda ka je sai an miƙa maka kofi ka yi wa masu gida fatan alheri ka shanye. In ka ƙi, ka raina su.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa ɗaya, Burulai, tana aure a Bishkek, babban birnin ƙasarmu. Ranar bikin haihuwar ɗanta, Toktosun ya bugu ya kifa a kan abinci gaban surukai. Tun daga nan ta hana shi ganin yaron, har shekara biyu. Wata rana ta ce masa a waya: "Ata, babana, ka yi lokacin sanyi ɗaya cur ba ka sha ba, in ƙanƙara ta narke zan kawo maka shi. In ba za ka iya ba, ka haƙura da mu."

Ya je wurin liman, ya rantse a kan burodi yadda ake yi a wurinmu, duk bai wuce kwana tara ba. Sai wata ma'aikaciyar jinya ta rubuta masa adireshi a takarda, ta ce akwai waɗanda suka daina sha, suna haɗuwa kowace Asabar a Bishkek suna ƙarfafa juna.

Ya zo mini da farar hularsa ta biki, da cinyar tunkiya, da jaka cike da soyayyen burodi. Na kira shi yadda muke kiran na gaba da mu, na ce, "Baike, neman aure za mu?"

"Ja motarka, sarkin surutu. Wa ke zuwa gidan mutane hannu rabbana?"

Awa shida muka yi a hanya. Adireshin kuwa ya zama shagon gyaran waya. Toktosun ya ƙi tambayar kowa. "In ce me? Ina 'yan'uwana mashaya suke taruwa?" Ni da ba ni da wannan kunyar na bi masu shaguna ɗaya ɗaya, har wata mai shara ta nuna mana wani ɗaki a ƙarƙashin bene.

Mutum goma sha ɗaya ne, kujeru a zagaye. Toktosun ya tsaya riƙe da cinyarsa yana neman inda manya ke zama, bai gani ba. Ya nemi dattijon da zai fara gaisarwa, sai ya tarar mai jan zaman mace ce, Cholpon, wadda ba ta fi 'yarsa ba. Ni sun ce in zauna in yi shiru, abin da ya fi mini komai wuya.

Da layi ya zo kansa ya miƙe, ya fara yadda aka koya wa kowannenmu: ɗan wane, jikan wane, zai lissafo kakanni bakwai. A na uku Cholpon ta tare shi. "Baike, bar su su huta. Nan sunanka kawai muke so."

Na ga ransa ya ɓaci. Mutum ba kakanni ai ba mutum ba ne a wurinmu. Sai da muka hau dutse a hanyar komawa, sannan ya ce, "Gaskiyarta. Su ba su sha ba. Ni na sha."

Daga nan kowace Asabar yana motata. Ranar da ƙanƙara ta toshe hanya, Cholpon takan aza waya a kan kujerarsa, shi kuma ya hau tudun bayan garkensa inda waya ke kamawa, ya tsaya cikin sanyi yana saurare. Ya daina zuwa biki, dangi suka ce ya fara girman kai.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne bayan an tashi daga zaman Asabar. Sai ya ce in bi ta layin su Burulai. Ba ya fita. Yana ɗaga kai ya kalli hawa na huɗu, inda take shanya kayan yaron, ya ce, "Dubi wandon nan, ya fi na wancan watan tsawo." Da tsawon wando yake auna girman jikansa. Sau da yawa na yi kamar ina gyara madubi don kada ya ga idona.

Ƙanƙara ta narke a ƙarshen Afrilu. Ni na ɗauko Burulai da ɗanta. Da muka iso ta ce in bar yaron a mota tukuna, ta fita ita kaɗai. Toktosun yana bakin ƙofa tun safe. Ta rungume shi, amma ta daɗe da fuskarta kusa da bakinsa, kuma duk mun san abin da take yi. Tun tana ƙarama haka take tarbarsa.

Bai ji haushi ba. Ya buɗe baki ya hura mata numfashi a hankali, ya ce, "Shinshina da kyau, 'yata. Kada ki yi sauri."

Ta shinshina. Sannan ta juyo tana share hawaye, ta ce mini, "Buɗe masa ƙofa ya zo ya gaida kakansa."