Gaisuwar Mainasara

Duk wanda ya san bakin ruwan Yelwa a shekarun da aka yanke jihar Kebbi ya san Mainasara masunci, dogon mutum wanda gaisuwa ke hana shi isa inda za shi. Daga gidansa zuwa inda yake ɗaure jirgi tafiyar minti biyar ce, amma sai rana ta take yana hanya, yana tambayar lafiyar yara da ta awaki. Matarsa Hajara takan ce ko kadan ruwa ya yi kiciɓis da shi sai ya tambaye shi iyali. A wani gungu, wato tsibirin kogi, aka haife shi, wanda ruwan Kainji ya cinye yana saurayi, har da kaburburan iyayensa. Tun daga nan ya riƙe mutane hannu bibbiyu, don su kaɗai suka rage masa.

Kowace shekara idan baƙin ruwa ya sauko, wato cikar kogi da ke zuwa daga nesa bayan damina, sai ya ɗauki jirgi ya wuce Shanga, ya yi ta hawa har ya tsallake iyaka zuwa makwabciyar ƙasa, ya yi wata uku yana su. Mai masaukinsa a can Sule ne, masunci kamarsa. Shekara ashirin da ɗaya a ɗaki guda Sule ke sauke shi, kwano guda suke ci, matar Sule, Barira, ita ke banda masa kifi. In zai dawo, a rufin ɗakin yake barin tarunsa da filafili guda, alamar baɗi yana tafe. Ko ɗan'uwa na jini bai kai Sule a wurinsa ba.

Ana nan, bayan farar hula sun samu majalisa, sai jita-jita ta cika gari cewa makwabtan nan sun sayo jiragen ruwa na yaƙi, wai madatsar Kainji suke hari. Aka turo kwamitin 'yan majalisa su binciko ƙarfin sojan ƙasar da abin da take ƙullawa. Suka iso Yelwa da manyan riguna da tulin takardu, alhali rabinsu ko a ruwan gwiwa aka tsoma su sai an yi ceto. Suka nemi wanda ya ga jiragen da idonsa. Masunta suka ce ai babu kamar Mainasara.

Hajara ba ta so ba. Ta ce, "Malam, mi ag gamin masunci da zancen soja?"

Ya ce, "Wuta za ni kashewa. In anka yi faɗa, ƙauyen su Sule za a fara ƙonawa. Gara in gaya musu babu abin tsoro."

Ranar da aka zauna, zauren ya cika maƙil. Shugaban kwamitin ya tambaye shi abin da ya gani.

Mainasara ya ce, "Allah shi ba ka nasara, jirage ukku na. Biyu injinsu ya mutu tun bara, kaji ka ƙwai ciki. Na ukkun ko ba shi iya wuce duwatsu sai baƙin ruwa ya cika, kuma kullum kukan mai sukai."

Jama'a suka fashe da dariya. Wani ɗan majalisa ya ce, "Kai da ba soja ba, ya aka yi ka san cikin injinsu?"

Nan Mainasara ya yi hankali, a yaba masa. Ya ce, "Wani mai kai musu kihi kullum shi yag gaya min, kuma ba shi ƙarya. Sunanai ko, ku gafarce ni." Suka matsa, ya ƙi. Aka rubuta, aka gode masa.

Yana saukowa wani ɗan jarida na rediyo, wanda ya ɗauki zaman tun daga farko, ya miƙa masa abin magana ya ce, "Baba, akwai abin da za ka ƙara?"

To, kun san mutanenmu. A sa wa talaka abin magana a baki, me zai ƙara in ba gaisuwa ba? Mainasara ya gyara murya, ya gaida Hajara, ya gaida masuntan Yelwa da na Ngaski. Sannan zuciyarsa ta tuno masa wanda ya fi kowa cancanta. Kuma da yake masu suna Sule sun fi a ƙirga, sai ya yi bayani yadda gaisuwar ba za ta ɓata hanya ba. Ya ce, "Ina gaida mai masaukina Sule masunci na bakin mashigin soja, can ƙetaren iyaka, da iyalinai Barira. Sai baƙin ruwa in Allah ya kai mu."

Bayan kwana uku aka sa shirin, bayani da gaisuwa duka, ba a cire ko kalma ba. Makwabta suka taru a ƙofar gidansa ana ta yi masa kirari, shi kuwa baki har kunne. Hajara ce ta fito daga wajen banda, hayaƙi na cin idonta, ta ce, "Malam, muryar rediyo ga iyaka taka tsayawa?"

A nan take Mainasara ya gane abin da ya yi, ya kuma san magana zarar bunu ce.

Ya so ya tafi washegari, aka ce an tsananta tsaro a iyaka. Ya aika saƙo ta jiragen 'yan albasa sau huɗu, ba amsa. Ya je wurin magatakardan kwamitin, aka ce sun koma Abuja. Kafin shekara ta fita soja suka rushe majalisar, rahoton ya tafi inda takardu ke tafiya. Ba wanda ya karanta shi, ba kuma wanda ya harba ko harsashi ɗaya. Mainasara ya rame, abinci ya daina yi masa daɗi.

Baƙin ruwa na sauka ya hau kogi. Da ya isa ƙauyen, tun daga nesa ya hango tarunsa da filafilinsa an sauke su daga rufi, an jingine a bakin ƙofa. Ya yi sallama. Barira ta fito cikin kayan takaba, ta kawo masa ruwa a ƙwarya kamar yadda ta saba, ta jira har ya kurɓa.

Ta ce, "Gaisuwarka ta iso. Tare munka ji ta. Har ya yi dariya, yac ce Mainasara bai mance mu ba. Kwana biyu tsakani soja sunka zo sunka tahi da shi, sunka ce shi yaf fid da asirinsu. Wata biyat yay yi hannunsu. Da sunka maido shi ba shi iya tsayuwa, kwana tara yaƙ ƙara."

Barira ta karɓi ƙwaryarta, ta ce, "Bai zage ka ba. Cewa yay yi in ka zo a ba ka kayanka, kak ka sake tsallako iyaka, suna jiranka."

Ya kwashi tarun ya dawo Yelwa, bai kuma sake wuce Shanga ba. Ya yi shekara goma sha huɗu bayan haka yana su a tafkin. Waɗanda suka san shi a ƙarshen rayuwarsa suna cewa mutum ne marar magana, sallama kawai yake yi ya wuce. Daga gida zuwa jirgi, minti biyar yake yi.