Ta'aziyyar da Baba Ya Ji da Kunnensa

Ranar wata Juma'a ƙanena ya kashe mahaifinmu a intanet, alhali Baba yana zaune a tsakar gida yana fama da cokalin kunu.

Ƙanen nawa, autanmu, mai zane ne. Shekara biyu yana fitar da labarin zane, irin wanda muke kira bede a nan unguwarmu ta Briqueterie, shafi ɗaya kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Bai sa sunansa ba. Jarumin labarin wani tsoho ne mai gyaran keken ɗinki, yana bin shagunan teloli da jakar fata, yana zaginsu da gurgun Faransanci, yana lallashin kekunansu da Hausa kamar jarirai. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki a Brik ya san Baba ne. Har hular da take karkacewa hagu Auta bai bari ba. Baba kaɗai bai sani ba, don shi waya a wurinsa ta kira ce da amsawa.

Da farko dariya muke sha. A rumfata ta atamfa a kasuwar Mokolo ni nake karanta wa maƙwabta, ina kwaikwayon muryar tsohon, ina ƙara gishiri. Sai Baba ya faɗi wata safiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Daga asibiti ya dawo gida, bai sake fita ba.

Labarin ma ya canja. Launuka suka dinga raguwa har ya koma toka-toka. Hannun tsohon ya fara rawa, ƙusoshi suna zubewa daga yatsunsa, teloli suna ɓoye kekunansu in sun hango shi. Masu karatu suka fara ƙorafi a ƙarƙashin shafin. Wani ya ce shi dariya ya zo nema, baƙin ciki yana da nasa a gida. Wata ta ce in mai zanen yana da damuwa ya je ya ga likita, ya daina sauke musu. Ni kuwa na daina karanta wa maƙwabta.

A waccan Juma'ar shafin ba ko kalma ɗaya. Zane uku ne: jakar fata rataye a ƙusa kusa da wani keke, takalma jere a ƙofar gida, sai mutane ɗauke da makara suna gangara layinmu. Layinmu sak, har da kwatar da kowa yake tsallakewa.

Ban san lokacin da na rufe rumfa na hau moto, wato acaɓa, ba. Na sami Auta a ɗakinsa, na ja ƙofa don kada Inna ta ji, na wanke shi tas. Na ce masa wannan mugun fata ne, ɗan halak ba ya ɗinka wa ubansa likkafani yana numfashi. Na ce ya goge. Ya ce ko ya goge an riga an kwafa, yana cikin wayar kowa.

"Adda," ya ce, don haka yake kirana ni yayarsa, "kullum ina ganin ranar nan tana tahowa. Na zana ta ne ko za ta sake ni."

Ban tausaya masa ba. Gaskiya ji na yi kamar in kwaɗa masa mari, da gemunsa da komai.

Abu ɗaya na sa a gaba: kada Baba ya gani. Mutumin da likita ya ce a kiyaye masa ɓacin rai, a nuna masa makararsa? Kwana uku ban je kasuwa ba. Na kafa kujera a bakin zaure kamar mai gadi, duk wanda ya shigo sai na kalli hannunsa in ga ko da waya. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. In shiga kicin, in fito, in leƙa Baba, in koma kan shafin da na rantse ba zan sake buɗewa ba.

Can kuwa ana ta yi. Masu zagi suna zagi, masu cewa sun bar karatu suna dawowa su sake cewa sun bari. Wasu suka ce ai ba a nuna fuskar gawar ba, tsohon yana nan, dabara ce. Wani ya yi doguwar nasiha cewa mutuwa ba abin wasa ba ce. Wasu suka yi ta jera addu'o'i kamar a gidan makoki na gaske. Telolin Brik su suka fi kowa kuka, su da wata biyar ba wanda ya tako ya duba Baba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Ranar Litinin bayan la'asar wani tela na wajen unguwar Tsinga, tsohon abokin cinikin Baba, ya zo da ledar lemu, idonsa ja. Na duba hannunsa, ba waya. Ashe tana aljihu. Na shiga kawo masa ruwa, na fito na tarar Baba ya riƙe ta da hannun hagu, ya kai ta dab da hancinsa. Kofin ya kusa kuɓuce mini.

Ya daɗe yana kallo. Telan yana ta inda-inda, wai ya ɗauka Alhaji ya sani. Daga bisani Baba ya ce a kira Auta. Ya zo ya durƙusa, kansa a ƙasa, ni kuma ina lissafin ta inda zan tari Baba in ya sulale.

"Shekara nawa kana kallona ina aiki?" in ji Baba, maganarsa tana fita da kyar ta gefen baki. "Dubi keken nan. Haka ake zura zare? Ko almakashi ba zan ba ka riƙo ba."

Sai ya miƙo mini wayar. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, karanta mini abin da suke cewa. Kada ki tsallake masu zagi."

Na karanta, ina juya Faransanci zuwa Hausa. Ya yi dariya da rabin bakinsa a kan wanda ya ce tsohon mafaɗaci ne amma ba a taɓa mayar masa da gyara ba. Da na zo kan wata mata da ta ce ita daga Garoua take, ba ta san mahaifinta ba, tsohon nan ta ɗauka uba, sai ya tsayar da ni. Ya ce in maimaita. Na maimaita sau uku.

Daga ranar ya zama aikina kowace la'asar. Teloli suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kunya ta koro su, suna zama yana gyara musu kekuna da baki. Ni dai ban huce da Auta ba. Ganin abin ya yi wa Baba daɗi ma sai ya ƙara mini haushi, don ban san inda zan ajiye fushina ba.

Wata huɗu Baba ya ƙara a duniya. Da aka fito da shi, ta layin nan aka gangara, aka tsallake kwatar.

Auta bai sake zana komai ba, shafin yana nan a kan makarar. Har yanzu mutane suna shiga suna roƙo a dawo musu da tsoho, su ba su san komai ba. Wata Juma'a bayan sadakar arba'in, ina zaune a inda nake yi wa Baba karatu, na buɗe shafin. Ban taɓa rubuta ko harafi a wurin ba. Na rubuta: ka dawo da shi.

Na ji wayar Auta ta yi ƙara a ɗakinsa. Bai fito ba, ni ma ban shiga ba.