Ranar da Sufeto Ya Zauna a Bayan Aji Huɗu

Malam Takwas ba malamin Turanci ba ne tun asali. Kafinta ne, shi ke gyara bencinan makarantar Mishan, yana koya wa yara riƙon zarto. Da malamin aji huɗu ya ajiye aiki, hedimasta ya rasa wanda zai sa, sai ya miƙa masa alli. Da allin aka haɗa masa ɗaki biyu a gidajen malamai, ya kwaso matarsa da tsohuwarsa daga ɗakin haya mai yoyo.

A wancan zamani da waƙa ake buɗe darasin Turanci. Yara su miƙe tsaf, su rera rukunan kalmomi takwas, tun daga suna da wakilin suna har kalmar motsin rai, malam na buga tebur da rula. Wannan kam ya iya, a nan ma ya samo laƙabinsa. Amma a rubuta jimla a ce yaro ya tsamo aikatau, sai ido ya raina fata, shi da yaran duka.

Kwatsam aka ce sufeton makarantu na tafe. Kowa ya san halinsa: malamin da bai gamsar da shi ba, alli da mabuɗin ɗaki yake karɓa tare. Malam Takwas ya daina cin abinci.

"Kai ɗan nan, laulayi kake yi ne?" in ji tsohuwarsa. Bai iya ko murmushi ba.

Hedimasta ya ja shi bayan ofis. "Kafinta, kwantar da hankalinka. In ka yi tambaya kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya sani, dama. Wanda bai sani ba, hagu. Kai kuma ka kira mai dama. Haka muka taras ana yi."

"Ranka ya daɗe, in ya gane fa?"

"Ni ya taɓa gane ni?"

Ya yi ta horar da yaran. Da yake mutum ne mai son aiki ya fita daidai, a bayan aji yake tsayawa, don ya tabbatar ba mai rikita hannu. Daga can, damansu damansa ne.

Ran nan da hantsi sufeto ya shigo, ya wuce bayan aji ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa. Malam Takwas ya tsaya gaban allo, gumi na bin bayansa. Ya rubuta jimla a kan wani kare da ya gudu gida, ya nemi aikatau. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Ya manta yanzu fuskantarsu yake, ya dubi hannuwan da ke daidai da damansa, ya kira yaro. Shiru. Ya kira wani, yaron ya sunkuyar da kai. Har agogon bango ana ji. Ya kira wata yarinya a gaba, ta fashe da kuka.

Sufeto ya taso a hankali, ya durƙusa kusa da ita. "'Yata, ba ki sani ba me ya sa kika ɗaga hannu?"

"Ai hagu na ɗaga. Malam ne ya kira ni."

Sufeto ya miƙe, ya dube shi ta saman tabarau. "Malam, wa ya koya maka wannan?"

Hedimasta na bakin ƙofa, yana ta nazarin silin. Malam Takwas ya ajiye allin a kan tebur.

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Dabarata ce."

Kafin ƙarshen zango suka kwashe kaya a amalanke, tsohuwa na biye da tabarmarta a hammata. Ya buɗe 'yar rumfa a bakin titi, ya yi tsawon rai, kuma ƙofofin da ya yi har yau ba su karkace ba. Sai dai in jikokinsa suka zo masa da aikin gida na Turanci, yakan ce su je wajen uwarsu, ya shige ɗaki ya turo ƙofa.